Cindo Mai Kekuna da Gafiya Mai Murafai

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ta zo. Da keke ma ta zo, sai dai ba hawa ta yi ba, turo shi ta yi.

A wani gari an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Goro yake sayarwa a kasuwa, amma ba da goro aka san shi ba. Da tsofaffin kekuna aka san shi. Duk inda ya ji an jingine wani mataccen keke a bayan rumbu kaji na kwana a kai, sai Cindo ya saka hula ya tafi gaisuwa. Ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi lafiyar awaki, ya yi ta kewaye-kewaye da zance, har sai mai gidan ya gaji ya ce, "Ɗauki ka tafi." Sai ya saɓo shi a kafaɗa. Ya wanke, ya goge, ya ɗiga wa kaca man gyaɗa, sannan ya raɗa masa suna.

Akwai Dogo. Akwai Gurgu mai feda ɗaya. Akwai Sarkin Tsatsa. Akwai Ba-birki, wanda ya taɓa shiga kududdufi da wani mai awon hatsi, buhu da mudu da komai. Kekuna suka cika ɗakin Cindo, sai shi ya koma zaure da tabarmarsa. Kuma duk da haka a ƙasa yake zuwa kasuwa.

Mutane su ce, "Cindo, ga kekuna cike da ɗaki, kana taka ƙaya?"

Sai ya ce, "Tafin ƙafata in ya tsage warkewa yake yi. Tayar Dogo in ta tsage, wa zai warkar da ita?"

Wannan duk da sauƙi. Babbar matsalar ita ce, duk wanda ya shiga gidan, ko garwashi ya je ɗiba, sai an ba shi labarin kowane keke tun daga ranar da aka ƙera shi. In ya ce yana sauri, sai Cindo ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Za mu zo nan, za mu zo nan." Wata mai tallan nono ta taɓa shiga da kindirmo, ba ta fito ba sai da ya koma tsala. Tun daga nan mutane suka daina bi ta ƙofar gidansa.

Matarsa sunanta Delu. Ita kuma langa take tarawa, irin kwanukan nan masu murfi da zane. Ta yi musu jere tun daga ƙasa har kusa da rufin ɗaki, kullum tana gogewa da tsumma, amma ko tuwo ɗaya ba a taɓa ci a cikinsu ba. A wani ɓallen kwano suke cin abinci. A can saman jeren akwai wata shuɗiyar langa mai zanen zabuwa, wadda ta gada wajen kakarta. Murfinta ya ɓace tun da daɗewa, sai faifai take ɗora mata. Duk ranar da ta kalle ta sai ta yi tsaki.

Delu ta ce, "Malam, yaushe za ka kira mai gwangwan ya kwashe mana tarkacen nan?"

Cindo ya ce, "Ranar da kika zuba mini tuwo a langar can ta sama."

Ta ce, "Nawa ai kaya ne. Naka ne tarkace."

Ya ce, "Nawa tarihi ne."

Ta ce, "To, ka taɓa mini langa ɗaya, ka ga yadda ake auna tarihi a sikeli."

A cikin kekunan nan akwai wanda ya fi so, sunansa Dattijo. Keken mahaifinsa ne. Ƙararrawarsa ta ɗan tsage, saboda haka ba ta yin ƙirrin-ƙirrin irin ta kowa, sai dai ƙirrin-kak, kamar kaza mai mura. Lokacin da Cindo yake ƙarami, in ya ji ƙirrin-kak daga kan kwana, ya san babansa ya dawo daga kasuwa, kuma akwai ƙullin nakiya a kariyar bayan keken. Tsohon ya daɗe da rasuwa. Amma kowace safiya kafin Cindo ya ɗauki huhun goro, sai ya shiga ya danna ƙararrawar nan sau ɗaya, sannan ya fita yana murmushi.

Ana nan, ana nan, sai wata safiya ya danna, sai ya ji ƙarr, kamar an ja tsinke a jikin faifai. Ya duba. An warware murfin ƙararrawar an tafi da shi, sai haƙoran ciki kawai suna masa gwalo. Ya duba ƙasa, sai ga sawu ƙanana, ga jan wutsiya a tsakani. Ya bi sawu, ya bi sawu, har gindin rumbu. Sai ga rami.

Cindo ya ce, "Gafiya. Yau ni da ke ne."

Sai ya ɗauko tulu ya yi ta jido ruwa yana ɗurawa a ramin. Ya ɗura har rana ta take. Can sai Gafiya ta leƙo ta wani rami daban a gindin katanga, ta karkaɗe gashin baki ta ce, "Sannu da aiki, maigida. Dama kayana sun yi ƙura. In da sabulu ka ƙara." Sai ta koma.

Washegari sai ya tara ƙaiƙayi a bakin ramin, ya barbaɗa barkono, ya kunna, ya ɗauko faifai yana fifita hayaƙi ciki. Bai san ramin gafiya ƙofofinsa da yawa ba ne. Sai hayaƙi ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a ƙarƙashin gadon Delu. Delu ta fito tana atishawa, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Malam, ni ce gafiyar?" Gafiya kuwa tana kan rumbu tana cin gyaɗa tana kallonsu.

Da gari ya sake wayewa sai ya tafi mahauta ya ɗauko hayar Muzuru, wani ƙato mai kunne ɗaya da rabi, wanda ɓerayen garin ke tsorata 'ya'yansu da sunansa. Suka yi ciniki a kan kan kifi. Muzuru ya miƙe, ya lashe baki, ya kutsa rami. Cindo ya zauna yana jira ya ji ƙara. Shiru. Ya jira, shiru. Sai wajen la'asar ga Muzuru ya fito, bakinsa cike da murafan kwalbar lemo. Ya zube su a ƙasa, ya shiga jera su da dagi.

Cindo ya ce, "Ina Gafiyar?"

Muzuru ya ce, "Tana gaishe ka. Kai, ashe waɗannan abubuwa kala-kala ne? Na samu kore biyu da rawaya. Ko kana da ja a gidan nan?"

Cindo ya ce, "Na aike ka farauta, ka dawo mini da tarkace?"

Muzuru ya ce, "A'a, Malam, gyara zancenka. Nawa kaya ne." Ya kwashi abinsa ya haye katanga.

Cindo ya zauna ya yi tagumi. Goro ma ya daina yi masa daɗi. Delu ta zo wucewa da tsintsiya, ta dube shi, sai tausayi ya ɗan kama ta. Ta ce, "Ka gwada ruwa, ka gwada wuta, ka gwada muzuru. Ka gwada sallama?"

Sai Cindo ya yi wanka, ya saka rigarsa ta Juma'a, ya ƙulla gyaɗa a ƙyalle, ya je ya durƙusa a bakin rami ya ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Sai ga Gafiya ta fito da ɗan kallabinta. Ta ce, "Amin, alaikumus salam. Tun ina budurwa muke gida ɗaya da kai, sai yau ka san hanyar ɗakina? Bismillah, shigo."

Kada wani ya tambaye ni yadda ƙaton mutum ya shiga ramin gafiya. Wanda abinsa ke ciki, shiga yake yi.

Da Cindo ya shiga, sai ya riƙe baki. Murafai ne ko'ina, an jera su tsaf, manya a baya, ƙanana a gaba. Murfin buta, murfin tukunya, murfin tulu, murfin gwangwanin madara, murfin kwalbar turare. Babu tukunya ko ɗaya, babu buta ko ɗaya. Murafai zalla. A tsakiya kuma, a kan ɗan ganyen gamji, ga murfin ƙararrawar Dattijo yana ƙyalli.

Cindo ya miƙa hannu. Gafiya ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Za mu zo nan, za mu zo nan."

Ta fara daga bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan na butar wani wanzami ne. Sau uku ya jefe ni da aska kafin in same shi. Wannan kuwa na tukunyar mai ɗanwake ne, duba bakin, har yanzu da sauran kanwa." Ta yi ta zuba. Ƙafafun Cindo suka yi sanyi. Cikinsa ya fara kuka. Ya ce, "To, Gwaggo, batun ƙararrawar nan." Ta ce, "Za mu zo nan." Sai Cindo ya tuna da mai tallan nono, ya ce a ransa, Allah sarki baiwar Allah, ashe haka ta ji.

Suna cikin tafiya sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan murfi na tagulla mai lotsawa a gefe. Bai san sanda bakinsa ya ce, "Wannan fa?" ba.

Gafiya ta tsaya cak. Ta dube shi, sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Cewa na yi, wannan fa? Me ya lotsa shi?"

Ta ce, "Tun da na fara tara kayan nan babu wanda ya taɓa ce mini wannan fa. 'Ya'yana cewa suke yi in zubar a samu wurin ajiye dawa." Ta share hanci da kallabi, ta ba shi labarin murfin, yadda jaki ya taka shi ranar kasuwa ita kuma tana ƙarƙashinsa. Cindo ya yi dariya har ya buga kai da rufin rami. Ya ba ta labarin Ba-birki da mai awon hatsi, ita ma ta yi dariya har ta kwanta.

Da suka zo kan ƙararrawa, sai Gafiya ta ce, "Kaf murafaina babu mai waƙa sai wannan."

Cindo ya ce, "Na mahaifina ne. Faɗi abin da za ki karɓa, ko buhun gyaɗa ne."

Gafiya ta ɓata rai. Ta ce, "Haba, maigida. Kai ma ka san ƙa'ida. In wani ya zo da kuɗi ya ce ka sayar masa da Dattijo fa?"

Ya ce, "Sai in kore shi da taɓarya."

Ta ce, "To ka gani. Mai tara kaya ba ya sayarwa. Musaya ake yi."

Sai ta ja shi can ƙuryar rami, ta yaye wani tsumma. Sai ga shuɗin murfi mai zanen zabuwa. Cindo ya gane shi nan take.

Gafiya ta ce, "Duk murafaina marayu ne, ban damu ba. Amma wannan na san inda uwarsa take. Kullum sai na hau azarar ɗakin uwargida na zauna ina kallon langar nan, ina lissafin yadda zan sauko da ita, ta fi ƙarfina. Kawo mini ita, in ba ka mai waƙa."

Cindo ya ce, "Gwaggo, nemi wani abu. Akwai sikeli a cikin maganar nan."

Ta ce, "Langa."

Ya ce, "In ba ki fitilar Dogo."

Ta ce, "Langa."

Ya ce, "Da sirdin Gurgu."

Ta ce, "Sirdi murfi ne? Langa."

Cindo ya fito yana saƙe-saƙe. Da safe ya shiga wajen Dattijo, ya danna, ya ji ƙarr. Sai ya ce, "A'a, ba zan iya ba." Ranar nan kuwa akwai suna a maƙwabta. Delu ta ci ado ta fita. Tana fita sai Cindo ya kifa turmi ya hau, ya sauko da shuɗiyar langa, ya ɗora ƙwarya a wurinta, ya rufe da faifai. Ya ja da baya ya duba, ya ce, "Wa zai gane?" Ya cusa langa a cikin riga ya nufi gindin rumbu.

Gafiya ta karɓa. Ta ɗauko murfi ta ɗora. Sai ji kake kwap. Ya zauna daram, zabuwar sama ta haɗu da zabuwar ƙasa. Gafiya ta kewaya ta dama, ta kewaya ta hagu. Ta buɗe, ta rufe. Sai ta zauna.

Can ta ce, "Shi ke nan?"

Cindo ya ce, "Shi ke nan. Ta cika."

Ta ce, "To gobe in na hau azara, me zan kalla?"

Gafiya ta turo masa murfin ƙararrawa da ƙafa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗauki. Alkawari alkawari ne." Sai ta haɗa kai da gwiwa.

Cindo yana cikin ba ta haƙuri, sai ya ji ƙarar ƙarfe daga sama, ana jan abu ƙiii a tsakar gida. Sai kuma muryar Delu tana cewa, "Fara da wancan tsohon, shi ya fi ji da shi."

Ashe Delu ta manta da goron da za ta kai gidan suna, ta dawo ɗauka. Tana shiga ɗaki ta ga ƙwarya zaune a saman jere kamar baƙauya a gidan biki. Ta leƙa waje, ta yi sa'a mai gwangwan na wucewa da kurarsa, sai ta yafuto shi.

Cindo ya fito daga rami, ƙasa har cikin kunne, murfin ƙararrawa a hannu. Ya tarar mai gwangwan ya rataye sikeli a reshen darbejiya, ya ɗaga Dattijo zai maƙala.

Cindo ya ce, "Delu, ki yi wa Allah."

Delu ta ce, "Na faɗa maka ko ban faɗa maka ba? Mai gwangwan, auna tarihi mu ji nauyinsa."

Cindo ya dubi murfin da ke hannunsa, ya dubi keken da za a ɗaura shi a kai yana lilo a sama. Ya samu ƙararrawa, keke zai tafi. Sai ya zauna a kan turmi.

Sai suka ji ƙarar-ƙarar daga gindin rumbu. Suka juya. Sai ga shuɗiyar langa tana fitowa daga rami, rufe da murfinta, Gafiya na bayanta tana turawa da goshi tana nishi. Ta turo ta har gaban Delu.

Delu ta durƙusa. Ta shafa zabuwar murfin da yatsa. Ta ce, "Murfin Kaka." Sannan ta harari Gafiya ta ce, "Ashe ke ce."

Gafiya ta ce, "Ni ce, uwargida. Ɗauki duka biyun, ki ɗora can sama inda ba na kaiwa. Ki ƙara tsayin jeren ma in kina iyawa. Amma ki sani, ina nan ina nema."

Delu ta ce, "Ki gwada mu gani."

Gafiya ta washe baki, gashin bakinta ya miƙe. Ta ce, "Yauwa. Yanzu na ji magana. Da abu ɗaya nake hari, yanzu sun zama biyu."

Delu ta juya ta ce wa mai gwangwan, "Sauke masa tarkacensa."

Mai gwangwan ya sauke Dattijo yana gunaguni. Zai tafi sai ya hangi wani tsohon ɗan makulli a ƙasa, ya yi wuf ya tsince, ya zura shi a wata igiya da ke ƙugunsa, wadda ke cike da makullai masu tsatsa. Cindo ya ce, "Wannan fa?" Mai gwangwan ya ajiye kura ya gyara tsayuwa zai fara labari, sai Delu ta ɗaga tsintsiya, ya ja kurarsa ya yi gaba.

Cindo ya murɗa murfin a mazauninsa. Ya goge da bakin riga. Ya danna.

Ƙirrin-kak.

Ya rufe ido ya daɗe a tsaye. Da yamma Delu ta kawo masa nakiya, amma a ɓallen kwanon nan ta zubo.

Tun daga ranar, duk yammacin kasuwa sai Gafiya ta zo ganin kekuna, Cindo kuma ya je ganin murafai. Wannan ya ce wannan fa, wancan ya ce za mu zo nan. Mutanen gari suka huta, har mai tallan nono ta dawo bi ta ƙofar gidan, sai dai ba ta shiga.

Delu kuwa jere ya cika, babu sauran abin yi wa tsaki. Ta goge, ta zauna, ta kalla, ta yi hamma. Abinci ma ya daina shiga. Ana haka sai wata mai kitso ta gaya mata cewa a wani ƙauye can gaba da rafi, akwai wata tsohuwa mai irin langar nan sak, amma koriya. Delu ta miƙe kamar an tsikare ta. Ta yafa gyale ta ce, "Malam, tashi ka kai ni a keke."

Cindo ya ce, "Taya fa?"

Sai suka tafi a ƙasa, shi yana tura Dattijo yana danna ƙirrin-kak, ita tana biye tana mita. Sai da suka ƙetare rafi sannan suka lura da Gafiya zaune a kariya da kallabinta. Ta ce, "Ku yi ta tafiya. Na ji an ce koriyar ma da murfinta."

To kun ji. Mai tara abu ba cikarsa yake so ba, nemansa yake so, da kuma wanda zai tsaya ya ce masa wannan fa. In ka ga wani ya cika ɗaki da abin da kai ba ka ga amfaninsa ba, kafin ka ce tarkace, laluba aljihunka tukuna.

Ƙurunƙus, na ɗora mata murfi. Wanda kuma ya ga murfin butata, ya gaya wa Gafiya ina da abin musaya.